Rasuwar Donna Clelia Mai Kujera Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wato zuciyar Loris Vandelli, don a gidan nan tasa ce kaɗai ta cika, iyalan Vandelli na ƙauyen Ponte Storto suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da mambobin Ƙungiyar Masoya Motocin Ƙirar Hannu rasuwar motarsu, Donna Clelia. Ta cika ne da safiyar Lahadi, sha biyu ga Janairu, a tsakiyar titi, taku ɗari biyu kafin ƙofar asibiti. Ta bar duniya tana da shekara goma sha ɗaya, ko da yake duk wanda ya gan ta sai ya rantse ta haura sittin. Da gangan aka ƙera ta haka. Kowa ƙoƙari yake ya rage wa kansa shekaru, ita kuwa ƙarawa ta yi, aka kuma yi ta tafa mata.

Maigidan ne ya roƙi matarsa Ilenia ta rubuta wannan sanarwa, a aika wa mambobi, a manna ɗaya a bangon coci inda ake manna na mutane. Shi in ya ɗauki biro ba ya wuce layin farko. Ilenia ta yarda bisa sharaɗi guda: abin da ta rubuta shi zai fita, ba ragi ba ƙari. A kantin magani take aiki, abin da ta saba rubutawa shi ne ƙwaya nawa, sau nawa, kafin abinci ko bayansa. Ba ta iya yi wa magana ado ba. Wanda ya ga ta yi wa mamaciya rowar yabo ya yi haƙuri, iya abin da take da shi ta bayar.

An haifi marigayiya a maƙerar Maestro Ermes da ke bayan garin Modena, ita ce ta tara cikin goma sha biyu da tsohon ya ƙera kafin ya ajiye guduma. Ƙwarangwal ya sassaƙa na katako, ya riƙa ɗora fallen alminiyam a kai yana bugu, wata bakwai cur, har jiki ya fito da ƙugu da kafaɗu da manyan fitilu zagayayyu irin na motocin zamanin kakanni. Aka shafe ta da kore mai duhu, irin na kwalbar man zaitun. Da yake aikin hannu ne, ƙofar hagu ba ta yi daidai da ta dama ba. 'Yan ƙungiya suna kiran wannan tambarin gwani. Ilenia kuwa ƙofa ta sani wadda ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa.

Kawun Loris, marigayi Ivano mai masana'antar tayil, shi ya sa aka ƙera ta, ya raɗa mata sunan wata mace da ta ƙi aurensa. Ilenia ta daɗe tana son ta haɗu da matar nan ta gaishe ta, don da alama mai hankali ce. Da kawu ya rasu ya bar wa sauran dangi gonaki da gidaje, ya bar wa Loris mota. Ranar da aka sauke ta a ƙofar gida, shekara huɗu da suka wuce, Loris ya yi kuka. Ilenia ma ta so ta yi, amma cikin wata bakwai ne da ita, ga ƙafa a kumbure, ba ta da ƙarfin kukan.

Wanda bai san gidan Vandelli ba ya sani yanzu, don a nan maganar take. Tsohon gidan gona ne a gindin jingar kogi, bangonsa yana shan ruwa kamar soso. Ɗaki ɗaya tak ke da bushewa a gidan, babban ɗakin ƙasa mai kallon kudu, wanda aka yi wa sabon daɓe, rana tana shigarsa tun safe har la'asar. Shi aka ware wa jaririyar da ke tafe. Har Ilenia ta sayo fenti ruwan ƙwai, gwangwani huɗu. Sati bai cika ba magina suka fasa bangon gaba suka kafa ƙofa mai faɗi, aka shigar da mota.

"Na ɗan lokaci ne, Ile," in ji Loris. "Kafin in sama mata wuri. Jariri ai ba ya sanin ɗaki."

Gwangwanayen suna nan ƙarƙashin matakala har yau. Jaririyar ta zo, aka sa mata Agnese, aka kai ta ɗakin sama mai kallon arewa.

Al'ada ce a ambaci kyawawan halayen mamaci, to ga su.

Marigayiya mai kamun kai ce. Ba ta fita in ana ruwa. Ba ta fita in an yi hazo, ko an watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, ko rana ta yi zafin da zai taɓa fatar kujerunta. Ba ta fita in ana tsammanin ɗaya daga cikin waɗannan. A shekara huɗu sau goma sha tara ta taka titi, Ilenia ta ƙirga, don kowace fita sai an ɗage abincin rana.

Ba ta da shisshigi a harkar gida. Ba ta taɓa ɗauko cefane ba, ba ta taɓa kai surukar Ilenia wurin likitan gwiwa ba. Ranar da naƙuda ta tashi, ƙaramar motar gida tana wurin makanike, motar Bruno mai gyaran famfo ce ta kai Ilenia asibiti, a zaune kan akwatin sifanu. Marigayiya tana gida lulluɓe da bargo, aka shigo mata da albishir.

Mai tsayawa ce kan ra'ayinta. Da kujera biyu aka haife ta, da kujera biyu ta mutu. Iyalin gidan sun zama uku a gabanta, ko a jikinta.

Ba ta son gaggawa. Wannan hali a riƙe shi da kyau, zai dawo a gaba. Duk ɗan ƙungiya ya san ba a tayar da irinta a wuce. Sai an kunna ta, an zauna, an naɗe hannu, an zuba wa allurar zafin baƙin mai ido har ta hau tsakiya. Minti goma, a lokacin sanyi fiye. Kawu Ivano ya bar wannan wasiyya a rubuce cikin aljihun ƙofa, Loris kuwa ya riƙe ta fiye da yadda ya riƙe alkawuran da ya ɗauka gaban limamin coci. A cikin minti goman nan ne gida yake jin muryar marigayiya, wadda masoyanta ke cewa ta fi waƙa daɗi. Takan fara da tari, kuf, kuf, sai gurnani, gurrrrr, har kofuna su riƙa kaɗawa a kanta, sai ta rufe da bam-bam biyu daga salansa. Yawanci daidai lokacin da aka samu yarinya ta yi barci.

Ita kuwa nata barcin ba a taɓa shi. An saya mata na'urar ɗumama ɗaki, an saya mata na'urar tsotse danshi mai ƙugi dare da rana don kada tsatsa ta leƙa ta. In Agnese ta bi ta ƙofar ɗakin da gudu, ubanta yakan kai yatsa baki. Wasu yara da "ba ni ruwa" suke fara haɗa magana. Maganar farko da Agnese ta haɗa ita ce, "Shhh, Clelia na barci." 'Yan ƙungiya sun yi ta dariya da aka ba su labari. Ilenia ba ta yi ba.

Domin a ɗakin sama, bayan gadon yarinyar, fumfuna ce baƙa ƙirin take tsirowa a bango. Kowace Asabar Ilenia takan ja gadon ta wanke bangon da ruwan bilic, kafin Laraba ta dawo. Tari ya fara a sanyin bara. Bana sai ya koma shaƙa, ƙirji yana fito kamar usur. A watan Nuwamba likita ta ce asma ce, ta kuma tambayi yadda ɗakin kwanan yarinyar yake. Ilenia ta faɗa mata. Likitar ta tambaya ko babu busasshen ɗaki a gidan. Ilenia ta ce akwai, da mai shi.

Ranar Lahadi aka yi ta a teburin abinci.

"Loris, na'urar danshin nan ta ƙasa kaɗai nake so. Ka hau da ita sama."

"Zan sayo wata, Ile, ranar Litinin. In aka cire waccan kwana uku kawai, fatar kujera za ta..."

"Fatar kujera. To ita wannan da ke zaune kusa da kai fatar me ce da ita?"

Ya sayo wata, gaskiya ne, ƙarama, wadda bangon ya fi ƙarfinta. Ɗakin kuwa ya ce a bari bazara ta shigo, ya ji labarin wani gareji. Mahaifiyarsa, Nonna Iole, wadda ke cin abincin Lahadi tare da su, ta ajiye cokali.

"Ɗan nan," ta ce, "ubanka ma dabbobi ya sa a ƙasa, mu muna sama. Amma shanu ne. Suna ɗumama mana gida, da safe mu tatsi madara. Wannan koriyar gyatumar me ake tatsa a jikinta?"

"Mama, ba za ki gane ba. Goma sha biyu ne kacal a duniya."

"Jikata fa, guda nawa ce a duniya?"

Loris ba mugu ba ne, Ilenia tana so a rubuta wannan a fili. Mutum ne da ke tashi ya dafa wa 'yarsa madara, ya ɗora ta a wuya su je kallon agwagi. Sai dai an bar masa gadon abin da ya fi ƙarfin hankalinsa, aka kuma kewaye shi da manyan mutane masu hular fata suna gaya masa cewa shi mai tsaron tarihi ne.

Rashin lafiyar ajali gajeruwa ce, ba ta kai rabin sa'a ba.

Lahadin nan an tashi da hazon da ba ka ganin ƙofar maƙwabci, ruwan famfon tsakar gida ya daskare. Ƙarfe takwas da rabi Agnese ta ture kofin madararta, ta kama gefen tebur tana jan numfashi ba ya shiga. Ilenia ta ba ta abin shaƙa, ta jira, ta sake ba ta. Leɓen yarinyar ya fara sauya launi. Aka kira motar asibiti, suka ce an yi karo a babbar hanya saboda hazo, sai nan da minti arba'in, in da hali a taho da ita. Loris ya ruga wurin ƙaramar motar gida, wadda shekara huɗu a waje take kwana don wata ta gaje ɗaki. Ya murɗa makulli, ta ce ƙaƙ, ƙaƙ, ta yi shiru. Sanyi ya kashe batir. Bruno da duk maƙwabta suna coci, har da Nonna Iole.

Saura mota ɗaya a Ponte Storto, a ɗaki mai ɗumi, batirinta cike taf.

Loris ya fizge bargon. Ilenia ta shiga da yarinya a cinya, ba kujerar yara, ba inda za a ɗaura ta, abin da ta rantse ba za ta taɓa yi ba, kuma wannan kaɗai ya isa ta ƙi yafe wa marigayiya har abada. Ta ɗaga ƙofar da gwiwa ta rufe. Kuf, kuf, gurrrrr. Sai ta ga idon mijinta ya sauka kan allurar nan, tana kwance can ƙasa. Ta ga hannunsa ya saki giya ya nufi cinyarsa, inda ya saba ajiye shi ya jira. Bai fi ƙiftawar ido ba. Amma ta gani, shi ma ya san ta gani.

"Loris," ta ce. Iya abin da ta ce ke nan.

Ya sa giya. Marigayiya ta fita cikin hazo da injinta a sanyaye, a karo na farko a rayuwarta, tana ihu kamar ana yanka ta.

Ya bi ta kan jingar kogi don ta fi kusa da kilomita bakwai, hanyar tsakuwa da ramuka, ta taraktoci. Marigayiya kuwa tsakanin cikinta da ƙasa bai fi tafin hannu ba. Sun yi rabi sai wani dutse ya daki ƙarƙashinta, ƙwam, har Ilenia ta ji a ƙashin bayanta. Jim kaɗan jar wuta ta kama a gaban sitiyari. Masu karatu na ƙungiya ba sa bukatar bayani. Sauran jama'a su sani, wutar baƙin mai ce, tukunyar da ke ƙarƙashin inji ta fashe, mai yana tsiyaya. Dokar ƙungiya a kan wannan wuta ɗaya ce: ka kashe mota nan take, ko a kan layin dogo kake.

Loris ya ga wutar. Ya miƙa hannu ya zaro tsumman fata da yake goge mata jiki da shi, ya jefa a kan wutar ya rufe ta. Sannan ya taka totur har ƙasa.

A nan Ilenia za ta cika alkawarin da ta yi wa mijinta, don abu ɗaya tak ya roƙa a sa a sanarwar nan. Ya ce a rubuta cewa ta yi gudu. To, ta yi gudu. Bishiyoyin bakin hanya suka riƙa fitowa daga hazo suna ɓacewa kafin ido ya kama su. Ilenia ba ta taɓa sanin abu mai taya yana iya haka ba, ba ta kuma fatan sake sani. Tana rungume da yarinya, bakinta a kunnenta tana ƙirga mata numfashi, amma ta ji yadda muryar marigayiya take sauyawa. Gurnanin ya koma ƙar-ƙar-ƙar, kamar an zuba cokula a injin niƙa. Hayaƙi ya fara shigowa ta ƙasa. Suka hau kwalta, suka wuce shataletale, har ana hango fitilar asibiti. Sai tak. Tak. Shiru. Inji ya buga.

Waɗannan su ne kalamanta na ƙarshe, ba ta bar wasiyya ba.

Loris ya zagayo ya karɓi yarinyar ya zura da gudu, ya bar ƙofofi biyu a wangame, makulli a jiki. Ko waiwaye bai yi ba. Ilenia ta bi shi da silifa ɗaya. Suna ciki, an sa wa Agnese abin numfashi a fuska, sai suka ji ƙara daga waje. Tankar madara ce mai kai wa masu cuku, ta fito daga hazo ta tarar da koren abu a tsakiyar titi ba fitila. Direban bai ji ciwo ba, kuma iyalan Vandelli suna sanar da kowa cewa ba shi da laifin komai. Bawan Allah washegari ya zo asibiti da ƙaton yankin cuku a hannu yana share hawaye. Ilenia ta rungume shi.

Daga ƙofar gida zuwa hannun likita minti goma sha ɗaya ne. Da yamma, bayan launin leɓen ya dawo, likitar ta ce da an ƙara minti goma da wata maganar ake yi. Minti goma. Mambobi masu daraja sun san abin da ake yi da minti goma.

Ranar Talata shugaban ƙungiya, Lauya Gualtiero Bonacini, ya zo asibiti da furanni. Ya tarar da ma'auratan a baranda, ya kama hannun Loris da hannu biyu.

"Rashi ne na ƙasa baki ɗaya," ya ce. "Ban runtsa ba tun da na ji."

"Ta samu sauƙi, Lauya," in ji Ilenia. "Har ta sha romo."

"Wa? Af, ƙaramar! Madalla, madalla, Signora. Yara ai kamar roba suke." Ya juya ga Loris ya rage murya, amma bai rage ta isa ba. "Na ga injin. Loris, ɗana, wutar ta kama, ko? Da ka kashe ta a lokacin, wallahi tukunya kawai za a sauya."

"Da ya kashe ta a lokacin, Lauya, da yau furannin nan sun sami inda za a ajiye su."

Lauya ya yi tari. Amma lauya ne, bai ja da baya ba. Ya ce akwai wasu samari a birnin Torino masu aiki da na'ura, za su iya auna jikin ɗaya daga cikin 'yan uwanta su fitar da sabo. Shekara biyu, ko uku. Abin da ake bukata kawai a mayar da gawar ɗakinta, inda ba danshi, kada abin da ya rage ya lalace. Ƙungiya za ta tsaya masa.

Da safiyar nan likita ta gaya musu su biyun, ba a ɓoye ba, cewa yarinyar ba za ta koma ɗakin fumfuna ba, in kuwa ta koma to su shirya dawowa. Ilenia ta dubi mijinta tana jira ya faɗi haka. Loris ya dubi takalminsa. Ya ce zai yi tunani. Ilenia ta karɓi furannin, ta kai wa ma'aikaciyar jinya ta ce a fitar da su daga sashen, masu asma ne a ciki. Sannan ta kira yayarta a garin Carpi ta tambaye ta ko ɗakin baƙinta yana nan, na mutum biyu, babba da ƙarama, ba ranar tashi. A gaban Loris ta yi wayar.

Ranar Laraba Lauya ya ɗauko Maestro Ermes ya kai shi filin da aka ajiye gawar, don ya ƙarfafa wa Loris gwiwa. Ilenia ta bi su, ba don an gayyace ta ba. Tsohon yana da shekara tamanin da uku, hannuwansa suna rawa har ba ya iya riƙe kofin kofi. Ya zagaya ta sau ɗaya da sandarsa. Bayanta ya shige ciki har kujeru, kamar gwangwanin da aka taka.

"Maestro, ƙwarangwal ɗin katakon yana nan?" in ji Lauya.

"Ƙwari sun cinye rabi. Rabin na hura murhu da shi bara waccan. Ya ci wuta da kyau."

"Amma samarin Torino..."

"Su auna wacce? Ba biyu da suka yi daidai. Wannan ina bugun ƙofarta ta hagu haƙori yana mini ciwo, shi ya sa ta karkace. Na'urarsu tana ciwon haƙori?" Ya juya ga Loris. "Kai yaro, an ce ba ka ɗumama ta ba."

"Ban ɗumama ba, Maestro."

"An ce wuta ta kama ka ci gaba."

"Na ci gaba."

"Nawa ta kai?"

Loris ya faɗa masa. Ilenia ba za ta rubuta adadin ba, don 'yan sanda ma suna karanta bangon coci. Tsohon ya buɗe baki ba haƙori ya yi dariya har da buga sanda.

"Goma sha biyu na ƙera," ya ce, "sai yau na ji an tuƙa ɗaya. Sauran duk suna kwance cikin bargo kamar masu jinya. Lauya, mota na ƙera, ba waliyyiya ba. Ku bar ta ta mutu."

Da safiyar yau Alhamis Loris ya shigo ɗakin asibiti da ƙurar siminti a gashinsa. Agnese tana zaune tana ɓare lemo, ta ɗago.

"Baba, Clelia ta tashi daga barci?"

"A'a, 'yar baba. Ba za ta tashi ba. Ta bar miki ɗakinta."

Wannan ba gaskiya ba ne, marigayiya ba ta taɓa bar wa kowa komai ba, ƙwata aka yi. Amma Ilenia ta ƙyale shi. Ta tambaye shi ƙurar mene ce. Ya ce tun asuba shi da Bruno suke cire ƙofar nan mai faɗi. Sannan ya miƙo mata biro.

Marigayiya ta rasu ta bar mai kula da ita, Loris, wanda ke samun sauƙi a hankali. Ta bar 'yan uwa goma sha ɗaya a ƙasashe daban-daban, ana yi wa iyalan gidajen da suke ciki fatan haƙuri. Ta bar bargo ɗaya, gwangwanayen man goge jiki da ba su ƙirguwa, da na'urori biyu waɗanda suka riga suka sami aikin yi na gaskiya. Ta bar ƙaramar motar gida, wadda aka sa wa sabon batir, ba a kuwa ba ta haƙuri ba tukuna. Ta bar tabon baƙin mai mai tsawon kilomita biyar a kan jingar kogi, mai son ziyara yana iya bin sa da ƙafa.

Ta kuma bar Agnese Vandelli, 'yar shekara uku da wata tara, da rai.

Jana'iza ranar Asabar ce, sha takwas ga wata, ƙarfe goma na safe. Motar janwe za ta ɗauki gawar daga filin da take kai tsaye zuwa rumfar Maestro Ermes, wanda ya ce a bar masa ita kajinsa su samu inuwa. Ba za a biyo da ita ta gida ba, kada wani ya tambaya. An nemi limamin coci, Don Sergio, ya sa mata albarka, ya ce gobe Juma'a zai sa wa dabbobi da taraktoci a ƙofar coci kamar kowace shekara, amma masu aikin yi yake sa wa. Mambobin da ke son abin tunawa su je da sifanunsu. An ware wa Lauya Bonacini allurar zafin mai, ya kai gida ya zuba mata ido.

Za a karɓi gaisuwa a gida daga ƙarfe goma sha ɗaya, a babban ɗakin ƙasa. A zo da tsofaffin kaya. Za a kankare daɓe da soda har warin fetur ya fita, magina za su toshe bangon gaba su bar taga, sauran jama'a kuma fenti. An buɗe gwangwanayen nan huɗu an gauraya, suna nan da kyansu, sun fi wasu haƙuri. Mai buroshi ya zo da abinsa. An ba shugaban ƙungiya silin, tunda shi ya fi kowa tsawo da son kallon sama. Nonna Iole za ta dafa romon tortellini, taliyar nan mai cushen nama, ta ce sai ta duba hannun mutum ta ga fenti kafin ta zuba masa.

Ba a bukatar furanni. Ba a bukatar jawabi. Wanda zai zo da irin motar marigayiya ya ajiye ta can bakin coci ya ƙaraso da ƙafa, kuma in zai tafi ya yi ɗumamarsa a can.

Agnese za ta fito asibiti ranar Litinin, za ta yi sati ɗaya a Carpi wurin yayar uwarta har warin fenti ya baje. Sati ɗaya kacal, an sanar da yayar. Daga ranar ashirin da bakwai ga wata, duk wanda ya shigo gidan Vandelli bayan abincin rana ya bi ta ƙofar ɗakin ƙasa, zai tarar da maigidan a tsaye da yatsa a baki, kamar yadda ya saba. A rage murya, a taka a hankali. Agnese na barci.

Sanarwa daga Ilenia Vandelli, a madadin iyali.